Kocin Unguwa da Yaranmu: Abin da Maiganga Za Ta Ɗauka Daga Ƙasar Ƙanƙara

Duk mai bin labarin wasanni a rediyo ba zai manta da abin da ya faru a farkon watan Janairun 2023 ba. A wancan lokaci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu, wato FECAFOOT, wadda Samuel Eto'o ya karɓi shugabancinta a Disambar 2021, ta tara yara 30 domin su tsaya wa Kamaru a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta ƙasashen tsakiyar Afirka, wadda aka shirya yi a garin Limbe. Kafin a shiga fili sai aka ce kowane yaro ya miƙo hannu a ɗauki hoton ƙashin wuyan hannunsa da na'urar nan ta asibiti da ake kira MRI, domin a gane ko shekarunsa sun wuce abin da takarda ta faɗa. Da sakamako ya fito, 21 daga cikin 30 ɗin ba su haye ba. Aka sallame su aka kirawo waɗansu, a cikin sababbin ma aka sake samun 11 da suka faɗi.

An yi ta surutu a kan wannan magana, a Yawunde da Duwala da gidajen rediyon waje, kowa yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Mu dai ba mu ce na'ura ba ta kuskure ba, domin likitoci da kansu sun yarda cewa akwai yaron da ƙashinsa ke haɗewa da wuri alhali shekarunsa na gaskiya ne. Amma kuskuren na'ura bai kai 21 cikin 30 ba. Kuma yaro ba ya tashi shi kaɗai ya je ofis ya ce a rage masa shekara uku. Akwai babban da ya kama hannunsa ya kai shi, akwai kuma wanda tun yaron yana ƙarami ya nuna masa cewa cin wasa ya fi gaskiya daraja. Wannan babban sau da yawa ba a Yawunde yake zaune ba. Yana nan tare da mu a unguwa, da usur rataye a wuya, yara suna ce masa koci. A kan wannan mutum da aikinsa muke son mu tattauna a wannan wata, musamman da yake da yawa daga cikinmu malaman makaranta mu ne ke riƙe da usur ɗin.

A nan Maiganga, kamar sauran garuruwan yankin Adamawa, ƙwallon yara iri biyu ce. Akwai ta makaranta, wadda ke bin tsarin FENASSCO, inda ake somawa daga makaranta da makaranta har a kai ga wasannin ƙasa baki ɗaya, kuma yawanci ranar Laraba da yamma ake samun sararin atisaye tunda ana tashi da wuri. Akwai kuma gasar dogon hutu, cikin Yuli da Agusta, damina tana tsakiya, unguwa da unguwa, wadda wani mai hali ko wani ɗan siyasa ɗan gari kan sa wa kofi da 'yan jakunkuna. Ita wannan ta biyun ita ce mai tara jama'a, ita ce kuma mai ɗaga jijiyar wuya.

Su wane ne ke horar da waɗannan yara? Malamin firamare ne da ya fito daga ENIEG, wanda abin da ya koya game da motsa jiki bai wuce 'yan darussa ba. Ko tsohon ɗan wasa da gwiwa ta ajiye. Ko tela, ko ɗan acaba da ke ajiye babur da la'asar ya zo fili. Babu mai biyansu ko dala, wani ma da kuɗin aljihunsa yake sayen ƙwallo da maganin ciwo. Waɗanda suka yi karatun abin sosai, a CENAJES ta Garwa ko INJS ta Yawunde, galibi manyan makarantu da ofisoshi ake tura su, da wuya ka ga ɗaya a kan yara 'yan shekara tara. Don haka kada wani ya ɗauka muna zagin kocin unguwa ne. Allah ya saka masa da alheri. Sai dai kyakkyawar niyya daban, sanin aiki daban.

Ku tsaya a bakin fili wata rana ku duba da kyau. Yara 22 ne 'yan shekara takwas ko tara a filin manya, mai tsawon kusan mita 100. Mai tsaron gida ko ya yi tsalle hannunsa ba ya kai saman raga. Ƙwallon ta manya ce, ta sha ruwa da jar laka ta yi nauyi. Akwai yaro ɗaya ƙato a kowane gefe, shi ke dukan ƙwallo ta yi nisa, saura suna bin ta duu kamar garken tumaki. Wani ƙaramin zai yi awa guda yana gudu bai taɓa ta sau biyar ba. Daga gefe kuma koci yana ta ihu, iyaye da 'yan kallo suna taya shi, kowa da umarnin da yake bayarwa. Ranar wasan ƙarshe kuwa sai ka ga baƙuwar fuska, wani saurayi da aka ɗauko haya daga wani gari, an aske masa gashin baki da safe, an ce shekararsa 13. Yaran da suka yi hutu kaf suna zuwa atisaye cikin ruwan sama su kuma suna zaune a ƙasa suna kallo. Ba sai an yi musu bayani ba, sun riga sun ɗauki darasin.

Abin da aka gano a kan ƙanƙara

Yanzu za mu ɗauke ku zuwa wata ƙasa mai nisa, kuma mun san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ƙanƙarar da muka sani a nan ita ce wadda ke faɗowa da ruwan farkon damina ta ɓata shuka, sai kuma ta masu sayar da ruwan sanyi. Amma a Kanada da arewacin Amurka a kanta ake wasa. Wasan shi ne ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Ana yin sa a kan daɓen ƙanƙara mai tsawon kusan mita 61 da faɗin mita 26, mutum shida-shida har da mai tsaron gida, kowa sanye da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙarƙashinsa, yana sulɓi a guje, riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki, suna korar wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri. An yi wasan farko mai tsari a cikin ɗaki a birnin Montreal ranar 3 ga Maris 1875, kuma yadda ƙwallon ƙafa ta shiga jinin ɗan Kamaru haka wannan wasa ya shiga jinin ɗan Kanada. Abin da ya sa muka ɗauko su shi ne, irin cutar da ke damunmu ta dame su, su kuma suka zauna suka ƙirga ɓarnar da alƙalami, sa'an nan suka canza dokokin wasan yara.

A shekarar 1985 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Roger Barnsley, tare da matarsa Paula da wani abokin aikinsa A. H. Thompson, suka fitar da wani bincike mai ban mamaki. Sun duba ranakun haihuwar matasan da suka kai manyan ƙungiyoyin wannan wasa, sai suka tarar kusan huɗu cikin goma an haife su ne tsakanin Janairu da Maris, waɗanda aka haifa tsakanin Oktoba da Disamba kuwa kamar ɗaya cikin goma ne kawai. Shin watan Janairu yana da wata albarka ta musamman ne? Ko kusa. Dalilin shi ne, a can ana raba yara rukuni-rukuni daga ranar 1 ga Janairu. Wanda aka haifa a farkon shekara da wanda aka haifa a ƙarshenta suna rukuni ɗaya, alhali akwai kusan wata 12 a tsakaninsu. Ga ɗan shekara takwas, wata 12 ba wasa ba ne: ya fi tsawo, ya fi ƙarfi, ya fi natsuwa. Koci ya gan shi ya ce wannan shi ne gwani, ya zaɓe shi, ya ƙara masa atisaye, ya ba shi wasanni da yawa. Bayan shekara biyar sai ya zama gwanin gaske, kowa ya ce ai koci ya iya zaɓe. Shi kuwa ɗan Disamba tuni ya gaji da zaman benci ya bar wasan, ba wanda zai taɓa sanin abin da Allah ya ajiye a ƙafarsa.

Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin farko ya san wannan ba tare da an kawo masa bincike daga Kanada ba. Yaron da ya shigo da shekara bakwai yakan riga ɗan shekara biyar da rabi kama alli, wannan kuwa ba ya nufin ya fi shi ƙwaƙwalwa. To mu a nan tazarar ba ta wata 12 ba ce. Saboda yawan yaran da ba su da takardar haihuwa, da waɗanda aka sa makaranta a makare, da waɗanda aka yi wa takarda ta kotu da shekarar da aka ga dama, a ƙungiya ɗaya sai ka sami tazarar shekara uku ko huɗu. Idan wata 12 ya isa ya binne baiwar yaro a Kanada, ku lissafa abin da shekara huɗu ke binnewa a gundumar Mbere. Ga kuma ɗaya gefen asarar: ƙaton da ya saba ture ƙanana da ƙirji bai taɓa koyon tsayar da ƙwallo ko ɗaga kai ya duba abokinsa ba, domin bai taɓa bukatar haka ba. Ranar da ya haɗu da sa'o'insa na gaskiya sai a ga babu komai a ƙafar. An cuci ƙanana, shi ma an cuce shi.

Masu kallon ƙwallon Turai sun san N'Golo Kanté, ɗan asalin Mali, wanda manyan makarantun ƙwallo na Faransa suka ƙi ɗauka yana yaro saboda ƙanƙantar jikinsa. Ya zauna a wani ƙaramin kulob na Suresnes har ya kai shekara 19, ga shi kuwa a 2018 ya ɗaga kofin duniya. Abin da ya cece shi shi ne ya sami wurin da ba a kore shi ba. Shi ya sa muke ganin kafin yaro ya balaga babu wata hujjar raba yara a ce waɗannan gwanaye ne, waɗancan kuma 'yan ɗauko ƙwallo ne idan ta faɗa ciyawa.

A rage fili, a ƙara wasa

Gyara na biyu da mutanen ƙanƙara suka yi shi ne wanda ya fi burge mu, domin ba ya cin ko sisi. A 2009 hukumar wasan ta Amurka ta fito da sabon tsarin renon yara, wanda ya ce ƙanana su daina wasa a tsawon fili, a raba daɓen gida biyu ko uku, su yi wasa ta faɗinsa. Hukumar Kanada ta wajabta irin wannan ga 'yan shekara biyar da shida daga kakar 2017, daga baya ta ƙara da na gaba da su. Da aka sa na'urori aka ƙirga, sai aka ga a ƙaramin fili yaro yana taɓa faifan ninki biyu, yana kuma kai hari raga har ninki shida. Bugu da ƙari, a wasan ƙanana akwai ƙararrawa da ke kaɗawa bayan kowane minti ɗaya ko biyu, duk waɗanda ke ciki su fito, waɗanda ke waje su shiga. Koci ba shi da ikon ɓoye kowa a benci.

Kada ku ɗauka an karɓi abin da tafi. Iyaye da yawa a can sun yi bore, suna cewa wannan ba wasan gaske ba ne, an mai da 'ya'yansu jarirai. Irin maganar da za ku ji ke nan a nan idan kuka gwada, domin babba yana son ya ga abin da ya yi kama da wanda yake gani a talabijin. Amma ku tuna, a makaranta ba ma ba ɗan aji ɗaya littafin ɗan aji shida, kuma ba wanda ya ce mun raina shi.

Filin makaranta guda ɗaya zai ba da ƙananan filaye huɗu. Duwatsu ko takalman roba sun isa raga, toka ta isa layi. Yara huɗu-huɗu ko biyar-biyar, minti goma, a huta, a canza abokan karawa. Yara 40 suna wasa a lokaci guda, maimakon 22 suna gudu 18 suna kallo. A irin wannan wasa babu wurin ɓuya: kowa sai ya karɓa, sai ya bayar, sai ya tare, sai ya yanke shawara da kansa cikin ƙiftawar ido. Kowa ya ɗanɗana tsaron gida, kowa ya ɗanɗana gaba, kada a liƙa wa ɗan shekara tara suna ɗan baya har abada don kawai yana da jiki. Abin dariya ma shi ne, haka yaran ke yi da kansu a lungu da ƙwallon tsumma idan babu babba a wurin. Mu ne idan muka zo da usur muke jera su layi ɗaya, ƙwallo ɗaya, yaro ya jira minti biyar kafin ya buga sau ɗaya, sa'an nan mu sa su zagaye fili sau goma mu ce atisaye ne. Matsalar da ke akwai ta gaskiya ita ce ƙwallaye, domin fili huɗu yana son ƙwallo huɗu. A nan ne muke roƙon masu sa kofi: kuɗin kofin nan mai ƙyalli da ake ajiyewa a kan kabad zai sayi ƙananan ƙwallaye da dama.

Akwai kuma maganar lafiyar jiki. A ƙwallon gora ta manya doka ta yarda mutum ya bangaje abokin karawarsa da kafaɗa ko ƙugu, har ya maka shi da bango. An daɗe ana barin yara 'yan shekara 11 da 12 suna yin haka a wasu jihohin Kanada, da hujjar wai gara su saba tun da wuri. A 2010 wata mai bincike a Jami'ar Calgary, Carolyn Emery, ta gwada yaran jihar Alberta, inda aka yarda da bangaza, da na jihar Quebec, inda aka hana. Sai ta tarar raunuka da buguwar kai a Alberta sun ninka na Quebec kusan sau uku. Amurka ta hana bangaza a wannan rukuni a 2011, Kanada ta bi sahu a 2013. Mu ma muna da irin tamu bangazar. Koci ya ce wa yaro, in ƙwallo ta wuce kada mutum ya wuce. Yaro ya faɗi kansa ya bugi ƙasa, ya tashi yana layi, a zuba masa ruwa a ka a ce kai namiji ne, koma. Wanda kansa ya bugu har ya ga jiri ko ya yi amai, wasansa na ranar ya ƙare, ko da wasan ƙarshe ne, kuma asibiti ya kamata ya nufa. Haka nan tsohuwar maganar nan wai shan ruwa lokacin atisaye yana sa nauyi, ba ta da tushe. Mu a kan tudun Adamawa Allah ya ba mu sauƙin zafi, amma 'yan'uwanmu na Garwa da Marwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, su ne suka fi sanin haɗarin sa yaro gudu da tsakar rana, balle a ce da azumi a bakinsa. Ba mu manta da Marc-Vivien Foé ba, wanda ya faɗi a fili a birnin Lyon ranar 26 ga Yunin 2003, ana wasa da Kolombiya, yana da shekara 28, ciwon zuciya ne da ke ɓoye. Yaron da ke suma, ko yake kukan ƙirji idan ya yi gudu, ko mai sikila, ko wanda zazzaɓi bai gama sakinsa ba, dole koci ya san da shi kafin ya hura usur.

Harshen koci da amanar da ke hannunsa

Dokar ilimi ta ƙasarmu ta ranar 14 ga Afrilun 1998 ta haramta dukan ɗalibi a makaranta. Amma a fili, inda babu darakta babu sufeto, bulala da tsallen kwaɗo suna nan da ransu, ga kuma abin da ya fi bulala zafi, wato zagi a gaban jama'a. Yaro ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga, a kira shi jaki, a ambaci uwarsa, 'yan kallo su yi dariya. Gobe idan ƙwallo ta zo masa, abin da zai fara tunani shi ne yadda zai rabu da ita kafin a zage shi. Da haka muke ƙera 'yan wasa masu tsoro, sa'an nan mu zauna a majalisa muna tambaya ina masu yanka irin na da suka tafi. Gyara yana da hanya, kuma a kwalejin horon malamai an koya mana ita: ka kira yaro da sunansa, ka faɗa masa abu ɗaya da ya yi daidai, ka nuna masa abu ɗaya da zai gyara, ka bar shi ya sake gwadawa nan take. Abu ɗaya, ba biyar ba. Wani lokacin ma tambaya ta fi umarni: da ka karɓi ƙwallon nan, wa ka gani a hagunka? Yaron da aka saba tambayarsa yakan soma ɗaga kai. Wannan ba sakaci ba ne, kuma ba ya hana ladabtarwa. Wanda ya makara, ko ya zagi alƙalin wasa, ko ya yi faɗa, ya zauna a waje ya yi kallo, ko da shi ne tauraron ƙungiya. Hasali ma a kan tauraron ne sauran yara ke gane ko dokar koci ta gaskiya ce.

Akwai wata magana mai nauyi da ba mu saba yi a fili ba, amma rufe ta ba alheri ba ne. Wani ɗan wasan ƙwallon gora na Kanada mai suna Sheldon Kennedy ya fito ya bayyana cewa kocinsa ya yi shekaru yana lalata da shi tun yana yaro, kuma a 1997 kotu ta ɗaure kocin. Daga baya Kennedy ya taimaka aka kafa wani shiri na koyar da masu horaswa da iyaye yadda za su gane cin zarafi su kuma hana shi, har ta kai a wurare da dama ba a yi wa yaro rajista sai mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun yi wannan darasi. Duk da haka ba su zama mala'iku ba, domin a Oktoban 2022 sai da shugabannin hukumar wasan ta Kanada suka sauka gaba ɗaya saboda yadda suka riƙe wani zargin cin zarafi. Kusa da mu kuma, a Gabon, irin wannan zargi ya fito a ƙarshen 2021 a kan wani tsohon kocin 'yan ƙasa da shekara 17. Saboda haka uba ya san wanda ke horar da ɗansa, ya san gidansu, ya leƙa fili lokaci-lokaci. Kada yaro ya kwana a ɗakin koci, kada a yi tafiya da yara sai da babba fiye da ɗaya. Kocin kirki ba zai ji haushin wannan ba, domin kariya ce gare shi shi ma.

Mafarkin Garwa

Kowane yaro mai buga ƙwallo a Arewa idonsa yana kan Garwa, kuma yana da dalili. Coton Sport, wadda aka kafa a 1986 da goyon bayan kamfanin auduga na SODECOTON, ta ci kofin ƙasa karo na farko a 1997, daga nan ta ci shi fiye da sau 15, abin da babu ƙungiyar Yawunde ko Duwala da ta yi. Ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008, inda Al Ahly ta Masar ta doke ta. Daga cikinta Vincent Aboubakar ya fito, ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010, ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a kan Masar a 2017, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da muka karɓi baƙunci a farkon 2022 da ƙwallo takwas, sa'an nan a Disambar wannan shekara ya zura wa Brazil ƙwallo a Ƙatar. Waɗanda suka samu zuwa filin Roumdé Adjia a lokacin gasar, inda Najeriya ta yi wasanninta har Tunisiya ta fitar da ita, sun ga yadda yaranmu ke kallon 'yan wasa kamar su haɗiye su.

Mafarki ba laifi ba ne. Amma malami mai gaskiya dole ya yi lissafi a gaban ɗalibansa: Aboubakar nawa Arewa ta fitar cikin shekara 30, yara nawa kuma suka buga ƙwallo a cikin waɗannan shekaru? Daga cikin yara 40 da ke gaban koci yau, mai yiwuwa babu ko ɗaya da zai ci abinci da ƙwallo. Dukansu kuwa za su zama magidanta, 'yan kasuwa, direbobi, malamai, makiyaya. Inda ba a faɗi wannan gaskiya ba, nan 'yan damfara ke shiga. Mutum ya zo da jaka da katin waya ya ce shi wakili ne, zai kai yaro Turai gwaji, a sayar da shanu ko fili a ba shi, ƙarshenta a yar da yaro a wani birni babu takarda babu kuɗin komowa. Wani tsohon ɗan wasan Kamaru, Jean-Claude Mbvoumin, ya kafa ƙungiyar Foot Solidaire a Faransa saboda irin waɗannan yara. Kuma iyaye su sani, dokar FIFA ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba daga ƙasa zuwa ƙasa domin ƙwallo, sai a wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Duk wanda ya ce zai fitar da ɗanka ɗan shekara 15, ko dai zai ƙara masa shekara, ko zai bi ta bayan gida, ko kuma kuɗinka kawai yake so.

Mu Hausawan wannan yanki yawancinmu 'yan kasuwa ne, kuma mun san ra'ayin iyayenmu game da ƙwallo: shiririta ce, tana hana karatun allo, tana hana zaman shago, tana sa yaro ya bar sallar magariba. Ba za mu ce ba su da hujja ba, tunda sun ga misalai. Amma a garin da ramukan zinariya na wajen Betare-Oya ke janye yara daga aji, kasuwar shanu ta Ngawi tana janye waɗansu, acaba tana kwashe saura, duk igiyar da za ta riƙe yaro a makaranta bai kamata a raina ta ba. Mun ga yaran da ba don ƙungiyar makaranta ba da tuni sun ajiye jaka. Kocin da ya ce sai ka nuna mini katin sakamakonka kafin ka sa riga, wanda ke tashin yara kafin kiran magariba, wanda ke zuwa ya gaida mahaifin yaro a shago ya gaya masa halin da ɗansa ke ciki, wannan ya zama abokin aikin uba da malamin allo. A fili ɗaya kuma ɗan Bahaushe da ɗan Baya da ɗan Fulani da ɗan gudun hijirar da iyayensa suka tsero daga Afirka ta Tsakiya suke ba juna ƙwallo, suna cakuɗa Fulatanci da Faransanci da Hausa, abin da taron manya da yawa bai iya haɗawa ba.

Sauran magana ita ce ta takarda, wadda da ita muka shigo wannan zance ta ƙofar Limbe. Kowace shekara muna ganin 'yan aji shida da ba za su zauna jarrabawar CEP ba saboda ba su da takardar haihuwa. Idan masu shirya gasar hutu suka ce babu yaron da zai buga sai da takardarsa ta asali da shaidar daraktan makarantarsa, aka kuma rubuta sunaye da hotuna a littafi guda da za a ajiye daga shekara zuwa shekara, to ɗan haya ya rasa ƙofar shiga, uban da ya yi sakaci kuma zai tashi ya nemo wa ɗansa takarda, ko don kada yaron ya dame shi da kuka. Sai a ƙara da sharaɗi biyu: 'yan ƙasa da shekara 11 su yi wasa a rabin fili, kuma duk yaron da aka rubuta sunansa ya buga aƙalla rabin wasa. Masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyar iyayen yara su ne za su iya sa masu kofi su yarda da wannan, kuma gara a zauna tun kafin a rufe makarantu a watan Yuni, kafin a buga takardun gayyata. Duk kocin unguwa da ke son ya ga yadda ake raba fili gida huɗu, ya zo filin makaranta ranar Laraba bayan la'asar, ya taho da yaransa da ƙwallonsa.